Sandar Kawu a Bakin Bahar

A gidanmu na Alhilla Kuku ba a cewa kogi, bahar ake cewa. In Inna ta leƙo ta tarar tsakar gida shiru, aka ce mata yara sun tafi bahar, to ba ta sake samun sukuni sai ta ƙirga kawunanmu da magariba. Kalmar ta Larabawan Sudan ce, muka ɗauke ta kamar yadda muka ɗauki kisra da shan jabana. Shi kuwa teku na gaske, wanda ke can gabas, sai an ƙara masa gishiri a suna, a ce Bahar Maliya. Na girma ban taɓa ganin sa ba. A raina na ɗauka shi ma kogi ne irin namu, faɗi kawai ya fi shi.

Yaƙin da ya ɓarke a Hartum ranar 15 ga Afrilu 2023 shi ya kai ni bakinsa. Bayan watanni muna gararamba daga wannan gari zuwa wancan, muka yada zango a Bur Sudan. Da hankali ya ɗan kwanta, abin da na fara yi shi ne zuwa in ga wani abu da aka koya mana a makaranta, wato cikar teku da janyewarsa. An ce mana wata da rana suna jan ruwan teku, ya hau gaɓa ya sauka sau biyu a yini, kuma hawan ya fi ƙarfi a ranakun jinjirin wata da ranakun da ya cika, balle in ya dace da lokacin da watan ya matso kusa da duniya. Na zaɓi ranar sha huɗu ga wata. Na samo wani guntun kara na kafa daidai inda ruwa ya tsaya, na zauna tun la'asar. Har aka kira isha'i ruwan bai wuce karan da abin kirki ba.

Wani dattijo masunci da ke ɗinkin raga a gefe ya gaji da kallona, ya tambaye ni abin da nake jira. Da na gaya masa ya yi dariya har da tari. Ya ce a nan tekun bai cika motsi kullum ba, sai dai in dawo da sanyi in ga inda zai kai. Sannan ya nuna karan da haɓa ya ce, "Kai mutumin Nilu ne." Ban tambaye shi yadda ya gane ba. Na san a wurin wa na ga ana kafa sanda a bakin ruwa.

Kawuna, ƙanin Inna, Allah Ya jiƙan sa, yana da wata 'yar gona a bakin Shuɗin Nilu, ta wajen Jiref ta gabas, tafiyar da ba ta da nisa daga Kuku in ka samu raksha. Irin gonar nan ce da ake kira jarf, wadda ruwa ke rufewa duk shekara ya kuma saki. Asalin gidansu Maiwurno ne, garin da Muhammadu Bello Maiwurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kafa da jama'arsa kusa da Sinnar bayan yaƙin Burmi na 1903. A bakin wannan kogin aka haifi Kawu, da ya taso neman abinci sai ya bi shi ya gangaro Hartum, bai yarda ya rabu da shi ba. Mutanen Kuku da shanun madara aka san su, yawancin maƙwabtanmu ko dai suna tatsa ko suna dakon madara. Kawu ya ce shi ba zai iya da dabbar da sai an kai mata ruwa ba.

Daga watan Yuli, in ruwan duwatsun Habasha ya fara isowa, kogin sai ya canza kama. Ya bar launin nan nasa na rani ya koma ja kamar kunun kanwa, yana ɗauke da itatuwa da ciyayi, wani lokaci har da mushen jaki. Wannan lokacin shi ake kira damira. Kullum da yamma Kawu zai sauka ya kafa sanda a bakin ruwa, da asuba ya koma ya auna da yatsunsa. "Yau ya ci yatsa huɗu," haka zai ce in ya shigo karin kumallo, kamar mai ba da labarin wani maƙwabci mai yawan ci. A ƙarshen Agusta ko farkon Satumba ruwan ke kai maƙura. Ranar da ya tarar da sandar a kan busasshiyar laka, ranar zai aika a sayo iri.

Abin da ruwan ke bari laka ce baƙa mai santsi, wadda in ta bushe take tsagewa kamar tafin ƙafar tsoho. A cikinta yake shuka lalo da kuɓewa da jarjir da kabewa, yana bin ruwan a baya taki-taki, duk inda ya janye ya shuka. Ban taɓa ganin ya sayi buhun taki ba. Maƙwabtansa masu gasa jan bulo su ma lakar nan suke jira. Rabin gidajen Hartum da ita aka gina su, kuma duk wanda ya taɓa bi ta Jiref ya san hayaƙin matoyansu da warin kashin shanun da suke cuɗawa da ita.

Daga nan sai rairayi. Wajen Disamba tsibiran yashi ke fara fitowa a tsakiyar kogi, zuwa Maris da Afrilu sun yi faɗin da za a buga ƙwallo fili uku a kai. Mu a nan muka san bakin teku. Ran Juma'a da yamma ba masaka tsinke: masu shayi sun jera kujeru, samari suna ninƙaya, iyalai sun shimfiɗa tabarmi, daga tsallake kana hango na Burri su ma sun cika nasu yashin. Kusan kowace shekara kuma sai kogin ya ci wani, domin yashin yana yaudara, kana tafiya ruwa iya gwiwa sai ka ji babu ƙasa. Shi ya sa Inna take ƙirga kawuna.

Amma ba mu kaɗai ke jiran yashin ba, wannan kuwa a wurin Kawu na koya. A can ƙarshen tsibirin, inda 'yan ƙwallo ba sa kaiwa, zakaran ƙeƙuwa ke yin ƙwai. Ba ya saƙa sheƙa, ɗan gurbi kawai yake yi a ƙasa ya zuba ƙwansa masu ɗigo-ɗigo, launinsu ɗaya da tsakuwa, sai ka kusa takawa ba ka gani ba. In ka matso sai ya tashi yana ihu yana kawo maka sura a ka. Akwai kuma ladin kogi, wanda Kawu ya ce a Maiwurno ya fi ganin sa. Shi binne ƙwansa yake yi a cikin yashi, in rana ta take ya je ya jiƙa gashin cikinsa a ruwa ya dawo ya kwanta a kai don ya sanyaya su. Kififiya ma da dare take fitowa ta haƙa rami ta binne nata, guza kuma yana biye da ita yana tonewa. Da sanyi baƙin tsuntsaye ke sauka, waɗanda suka taso tun daga Turai suna bin Nilu kamar yadda alhazan da suke bin hanyar ƙasa, su yi kiwo a bakin laka su wuce.

Duk waɗannan, da Kawu, da masu bulo, da mai shayi, lissafi ɗaya suke yi. Ruwa zai hau a lokaci kaza, zai sauka a lokaci kaza, tsakanin nan akwai watannin da yashi zai zauna a bushe har ƙwai ya ƙyanƙyashe, kuɓewa ta yi 'ya'ya. Babu wanda ya rubuta wannan alkawari, amma kowa a kansa ya gina rayuwarsa.

Inda na fi ganin kyan abin shi ne dajin Sunut, wanda ke gaɓar Farin Nilu dab da Mugran, inda kogunan biyu ke haɗuwa. Sunut ba wani baƙon itace ba ne, bagaruwa ce, wadda majema ke jima da 'ya'yanta, wadda a shekarar korona kusan kowane gida a Hartum sai da ya turara ta. In damira ta yi ƙarfi, Shuɗin Nilu yakan zo da irin ƙarfin da yake tare wa Farin Nilu hanya, sai farin ya tsaya ya kumbura ya koma da baya, ya malala cikin dajin. Watanni itatuwan ke yi tsaye a cikin ruwa, ko a jikinsu. Ƙananan kifaye suna samun mafaka a tsakanin kututturan, balbela da zalɓe da jinjimi suna bin su. An taɓa kai mu daga makaranta bayan ruwa ya janye, malaminmu ya nuna mana zanen laka a jikin itace, ya fi tsayin kowa a cikinmu. Daji a tsakiyar babban birni, wanda ambaliya ce ke raya shi.

Sai shekarar 2020.

Ta fara ne da akasin abin da ta ƙare da shi. A watan Yuli, lokacin da ya kamata ruwa ya riƙa hawa, sai ya ja da baya farat ɗaya, har wasu tashoshin tace ruwan sha na Hartum suka tsaya saboda bututunsu sun koma shaƙar iska. A watan ne Habasha ta fara tara ruwa a babbar madatsarta. Kawu ya dawo daga bakin kogi ya zauna bai ce komai ba. Da Inna ta matsa masa ya ce tun da yake bai taɓa bin ruwa da sanda zuwa ƙasa a watan Yuli ba.

Bayan 'yan makonni kuma sai ga shi ya dawo da fushi. An yi ruwan sama mai yawa a Habasha da Sudan, kogin ya riƙa hawa ba tsayawa. A farkon Satumba ma'aunin Hartum ya nuna mita 17.67, abin da ba a taɓa rubutawa ba tun da aka fara awo sama da shekara ɗari. Gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci ta wata uku. Mutane sama da ɗari suka rasu a faɗin ƙasar, gidaje sama da dubu ɗari suka rushe ko suka lalace. Tsofaffi suna da shekaru biyu da suke auna kowace ambaliya da su, 1946 da 1988. Ta 1988 Inna ta gan ta da idonta, kuma takan ce waccan daga sama ta zo, domin a dare ɗaya na farkon Agusta aka zuba ruwan da ya haura milimita 200 a garin da yakan shekara bai samu haka ba, gidajen laka suka narke kamar sukari. Ta 1946 kuwa labarin mutanen tsibirin Tuti ne, da suka ƙi tashi suka tare ruwa da buhuna da jikinsu. Har yau suna da tsarin gadi da suke kira taya, ƙungiya-ƙungiya kowa da yankin gaɓar da yake kwana a kai. Ta 2020 ta shafe alamar duka biyun.

Gidanmu na Kuku kogin bai kai gare shi ba, ruwan sama ne kawai ya kwanta mana a lungu. Amma gonar Kawu ta daɗe da nutsewa, abin da ya rage shi ne jingar da ke bayanta, wadda ta raba ruwa da gidajen mutane. Duk namijin da ke da ƙarfi aka kira. Dare huɗu na yi a can tare da taubashina, ɗan Kawu, muna cika buhuna da ƙasa muna miƙawa hannu da hannu. Ba zan ce na yi wata bajinta ba, a dare na biyu bayana ya riƙe, aka ba ni tocila aka ce in riƙa haskawa.

Da tocilar nan na ga abin da ya sa nake wannan rubutu. Jingar nan faɗinta bai fi taku uku ba, kuma ita kaɗai ce busasshiyar ƙasa tsakanin kogi da katangun gidaje. Duk wani abu mai rai da ke zaune a gaɓar nan a kanta ya taru. Kunamu suna hawa buhuna. Ɓeraye suna bi ta tsakanin ƙafafunmu ba su ma damu da mu ba. Kwaɗi, gizo-gizo, tururuwa sun dunƙule wuri guda suna ɗauke da fararen ƙwayayensu. Macizai kuwa ban ƙirga waɗanda aka kashe ba, kuma ban ga laifin kowa ba, mutum yana aiki cikin duhu ba takalmi, an riga an kai wani yaro asibiti saboda harbin kunama.

Wajen ƙarfe uku na dare na uku hasken ya faɗa kan wani guza. Babba ne, ya kai tsawon hannu biyu, ya kwanta a kan buhunan da muka jera, rabin wutsiyarsa a ruwa. Bai yi huci ba, bai gudu ba, da gani ya gaji. Na yi ihu na ce ga guza. Kafin in rufe baki samari uku sun zo da shebur. Ni na riƙe musu fitila har suka gama.

Kawu yana zaune a kan wani bulo saboda ƙafarsa, ya ga komai. Da na zo wucewa ya kira ni.

"Ɗan nan, me ya yi muku?"

Na ce, "Kawu, kada ya shiga gidan mutane."

Ya ce, "To ina kuke so ya je?"

Na buɗe baki in ba shi amsa, sai na juya na haska bayanmu. Katanga ce ta bulo da siminti, an kafa mata fasassun kwalabe a ka, daga ita sai wata, har inda hasken ya ƙare.

Daga baya, muna shan shayin asuba, ya gaya mini yadda wurin yake lokacin da ya zo yana saurayi. Bayan gonaki akwai fadama mai bagaruwa da ciyawa, bayanta kuma tudu. In ruwa ya yi yawa sai ya bazu a fadamar ya huce, namun gaɓa su ja da baya zuwa tudu, in ya sauka su dawo. Ambaliya tana kashe wasu, amma tana barin iri. Sannu a hankali aka yanka fadamar fuloti-fuloti, masu kuɗi suka gane daɗin iskar bakin kogi, talakawa kuma suka cike abin da ya rage don nan ne ƙasa ke da araha. Kowa ya gina ya ja katanga ya tura ruwan ga na gaba. Ban cire kaina ba, ni ma da an ba ni fili a wurin da hannu biyu zan karɓa.

Tun daga ranar, duk labarin da na karanta na tumbatsar teku a wata ƙasa, katangar nake fara nema. Rairayin bakin teku ba abu ne da ke zaune wuri ɗaya ba. In teku ya yi babbar cika yakan kwashe yashi ya kai ciki, ya dawo da shi a hankali, ko ya tura shi gaba zuwa tudu, gaɓar ta matsa baya ta sake zama. In aka gina mata bango a baya, ba ta da inda za ta matsa, sai ta yi ta sirancewa tsakanin ruwa da siminti har ta ƙare. Mutanen Legas sun san Bar Beach, inda ake zuwa shan iska a da, da yadda teku ya riƙa tsallakowa yana malala a titin Ahmadu Bello, har aka kai ga jibge duwatsu aka cike wurin aka soma gina sabon gari a kai. Titin ya tsira. Yashin da yara ke wasa a kai babu shi. Kunkurun teku kuwa, wadda ke komawa yankin da aka ƙyanƙyashe ta don ta yi ƙwai, tana neman yashin da ruwa ba ya kaiwa, domin ƙwan yana numfashi ta ɓawonsa kusan wata biyu da yake yi a binne. In igiya ta wanke shi ta wuce yakan jure, in ruwa ya kwanta a kansa ya daɗe sai ya shaƙe. Idan ta fito ta tarar da bango, dole ta haƙa a ƙasansa, inda babbar cika ta gaba za ta same shi.

Da ruwan 2020 ya janye, Kawu bai sami lakar da ya saba ba. Ruwa mai ƙarfi yashi yake ɗaukowa, kuma yashi ya zube masa, a wasu wuraren har gwiwa. Gefen gonar da ke da itatuwan lemun tsami guda biyar kuma ya tafi gaba ɗaya. Wannan shi ake kira haddam: gaɓa ta sha ruwa ta yi nauyi, kogi ya sauka da sauri ya bar ta ba madogara, sai ta tsage ta rufta. Mutanen Tuti sun fi kowa sanin sa. Shekarar nan Kawu bai yi noman kirki ba, sai ya koma sayar wa magina yashin gonarsa amalanke-amalanke, yana cewa bahar ya canza masa sana'a bai yi shawara da shi ba. A unguwa kuma sauro ya samu kududdufai, babu gidan da zazzaɓi bai shiga ba. Yara dai sun ci tarwaɗa har sun gaji, don ramukan masu bulo cike suke da kifin da ruwa ya bari.

Tsuntsayen fa? Na zaci zan tarar da gaɓar shiru. Ban taɓa ganin su da yawa irin na sanyin shekarar ba. Kowane rami da zalɓe a tsaye a bakinsa, balbela kamar an shanya farin kaya, yashi kuma ya fito sabo fil, ya fi na bara faɗi. Har na ji wani abu kamar haushi, mutane suna kwana a tanti su kuwa suna biki. Kawu ya ce ai ruwan bai saɓa musu ba. Ya yi yawa, amma a lokacinsa ya zo, lokacin da babu mai ƙwai a ƙasa.

Wanda ke yi musu ɓarna wani ruwa ne da ba ya shiga labarai. Na gan shi sau ɗaya, a wani watan Afrilu, tsakiyar rani. Akwai gurbin zakaran ƙeƙuwa mai ƙwai huɗu da ni da taubashina muka yi kwana goma muna leƙawa daga nesa, har mun yi musu a kan ranar da za su fashe. Wata safiya muka zo muka tarar ruwa ya hau kamar taƙi ɗaya cikin dare, an saki ruwa daga wata madatsa a can sama. Taƙi ɗaya ba ya rushe gidan kowa, ko kujerar mai shayi bai jiƙa ba. Amma ƙarshen tsibirin ya nutse, uwar da uban suna tsaye a cikin ruwa iya ƙauri suna ta kuka a daidai wurin. Kashegari ruwan ya koma inda yake.

Shi ya sa maganar babbar madatsar Habasha take raba mini hankali biyu. An fara gina ta a 2011, aka buɗe ta a hukumance a Satumban 2025, tafkinta yana ɗaukar ruwa kubik mita biliyan 74. Madatsun da muka sani a kan wannan kogi, ta Sinnar da aka gama a 1925 da ta Rusairis ta 1966, ƙanana ne a kanta, damira takan cika su ta wuce. Wannan kuwa tana iya riƙe damira ta riƙa sakin ta kaɗan-kaɗan duk shekara. Ma'anarsa ruwa ba zai riƙa hawa sosai da damina ba, ba zai kuma sauka sosai da rani ba, laka kuma mafi yawanta za ta kwanta a can bayan bango. Da na yi wa Inna wannan bayani ta ce, "Alhamdu lillahi, a riƙe shi." Matar da ta kwana a kan gado da yara huɗu ruwa yana bi ta ƙarƙashi a 1988, ba ni da bakin da zan yi mata gardama. Manoman manyan ayyukan ban-ruwa ma za su samu ruwa da rani, wuta za ta ƙaru. Amma jarf ba ya zama jarf sai ruwa ya rufe shi ya sake shi, tsibirin yashi ba ya fitowa sai kogi ya rame, mai bulo kuma ba ya gasa ruwa. Kawu bai ga ƙarshen wannan lissafi ba, ya rasu shekara guda kafin yaƙi.

Da sanyi ya shigo na koma wurin dattijon nan na Bur Sudan kamar yadda ya ce. Gaskiyarsa. Inda na kafa karana da zafi yanzu ruwa ne, tekun ya hau kusan rabin mita, kuma haka zai zauna har iska ta juya. Ashe shi ma wannan bahar ɗin damirarsa ta shekara ce. Ya ce in na fita bayan gari zan ga filayen gishiri da ruwa ke shiga da sanyi, da kurmin wani itace da suke kira shora wanda ke tsiro a cikin ruwan gishiri, raƙuma suna shiga har ƙirji suna cin ganyensa, ƙananan kifi da ƙaguwa suna ɓuya a saiwarsa. Na ce masa mu ma muna da irinsa a Hartum, bagaruwa ce. A arewa da nan akwai Dungunab da tsibirin Mukawwar, waɗanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2016 tare da Sanganib. A can kunkuran teku ke hawa yashi su yi ƙwai, a can kuma ake samun wani ɗan'uwan ayu da ke kiwon ciyawar ƙarƙashin ruwa. Na so in je, amma ɗan gudun hijira ba ya yawon buɗe ido. Sawakin kawai na leƙa, inda kakanninmu suke jiran jirgin Jidda, na ga gidajen dutsen murjani suna zubewa cikin ruwa.

Taubashina ya riga ni komawa Kuku. Mukan yi waya in layi ya yarda. Shi ya gaya mini an sare dajin Sunut a shekarun yaƙin nan, an yi gawayi da itacen girki da shi, in ka tsaya a gada kututture kawai kake hangowa. Na yi shiru har ya zaci layin ne ya yanke. Mutanen da ba su da gas ba su da wuta, da me za su dafa?

Na tambaye shi gonar. Ya ce tana nan, ciyawa ta cinye ta, matoyan bulo na kusa duk a mace suke, babu hayaƙi ko ɗaya. Ya ce a filin da ake shanya bulo ya ga zakaran ƙeƙuwa da 'ya'ya uku suna bin sa, har ya kawo masa sura.

Na ce, "Ka kafa sanda?"

Ya ce, "Kai dai baƙauyen teku, ka zauna can kana auna ruwan gishiri. Na kafa tun shekaranjiya."

"Yatsa nawa ya ci?"

Ya ce bai ci ko ɗaya ba, bai kuma saki ko ɗaya ba, yana nan inda ya bar shi. Ya ce gobe zai sake dubawa, in akwai layi zai kira ni.